Daga Singafo zuwa New York, da hanyar da iska ta zaɓa mana

Tsakanin filin jirgin sama na Changi a Singafo da filin John F. Kennedy a New York akwai tazarar kilomita 15,349. Wannan adadi ba ya gusawa, ko da rani ko da damina. Awannin da mutum zai shafe a sama kafin ya cinye wannan tazara su ne ba su da tabbas, kowace rana da irin nata. Na yi wannan tafiya zuwa da dawowa a tsakiyar hunturun ƙasashen arewa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirginmu bai bi gajeriyar hanya ba ko sau ɗaya. Da gangan ya ƙara wa kansa nisa, kuma hakan bai sa mun makara ba.

Tun kafin ranar tashi na zauna da biro da takarda, domin ina son in ga daga ina wannan adadi ya fito. Singafo na zaune kusan a kan layin da ya raba duniya biyu, digiri 1 kacal ta arewa da shi. New York kuwa tana wajen digiri 41 arewa. Abin sha'awar shi ne biranen biyu sun kusa ba wa juna baya daidai wa daida: Singafo na kan digiri 104 gabas, New York na kan digiri 74 yamma, wato ratar da ke tsakaninsu digiri 178 ce, saura biyu ta cika rabin zagayen duniya. Saboda haka hanya mafi kusa ita ce a miƙe arewa sak daga Singafo, a haura ƙololuwar arewacin duniya, a gangaro ta ɗaya gefen. Hawan digiri 89 ne, gangarar 49, jimilla 138. Kowane digiri kuma kimanin kilomita 111 ne. Da na buga sai na sami 15,318, ƙiris ya rage in yi daidai da abin da kamfanonin jirage ke rubutawa. Na ji daɗin wannan lissafi ƙwarai, domin ya nuna mini cewa babu wani sirri a cikin adadin, ɗan makaranta ma zai iya fitar da shi.

Wanda ya saba da taswirar bango zai ga wannan magana bambaraƙwai. A kan taswirar, New York na can hagu, Singafo na can dama, kuma ido yana ja wa mutum layi ta kan Tekun Atilantika da arewacin Afirka da Indiya. Laifin na shimfiɗa ƙwallo a kan takarda ne. Irin taswirar da aka fi yayi ta samo asali daga aikin Gerardus Mercator na shekarar 1569, wanda ya zana ta domin matuƙan jiragen ruwa su riƙa bin alkibla ɗaya ba tare da ruɗewa ba. Ta yi musu amfani, amma tana kumbura duk abin da ya kusanci ƙuryar arewa da ta kudu. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Duk mai son ya gane hanyar jirgin sama, ya nemi taswirar nan mai siffar ƙwallo, ya ɗora zare a kan birni ɗaya, ya ja shi ya yi tsam zuwa ɗayan. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya.

Mun tashi daga Changi jim kaɗan bayan rana ta take. Jirgin samfurin Airbus A350-900ULR ne na kamfanin Singapore Airlines, an ƙera shi musamman domin dogon zango. Kujeru 161 kawai ke cikinsa, alhali ɗan'uwansa na yau da kullum yana ɗaukar mutum kusan 300. An rage mutane ne domin a ba mai wuri: tankunansa na iya cin lita 165,000, kuma idan an cika su, man kaɗai ya kusa rabin nauyin jirgin gaba ɗaya. Ana jin wannan nauyi a jiki lokacin tashi. Jirgin ya daɗe yana gudu a kan titi, har na fara ƙirga fitilun gefe, kafin hancinsa ya ɗaga a hankali. Ta taga na ga fiffiken ya lanƙwasa sama, tsininsa ya yi tsayin da bai kai ba sa'ad da muke ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma jiragen ruwan dakon kaya sun yi birjik a bakin mashigin teku suna jiran layi.

Kyaftin ya yi mana bayani a taƙaice. Ya ce matuƙa huɗu ne a jirgin, za su riƙa karɓa-karɓa, biyu na tuƙi biyu na barci a wani ɗan ɗaki da ke sama bayan ɗakin tuƙi. Ya ce za mu bi ta Japan da arewacin Tekun Pasifik da Alaska da Kanada, kuma yana sa ran za mu yi awa 17 da 'yan mintoci a sama. A tikiti an rubuta sama da awa 18. Bambancin ba kuskure ba ne, domin lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka ture jirgi daga ƙofar shiga har zuwa sa'ad da ya tsaya a ƙofar fita, ya haɗa da jan ƙafa a ƙasa da jiran layin tashi, da ɗan rarar da kamfani ke bari saboda iska ba ta da alkawari.

Da na buɗe taswirar da ke ɗan allon bayan kujera, na ga layin da aka shata mana ya karkata gabas sosai, ya bar hanyar zarena a hagu. Nisan da allon ya nuna ya haura kilomita 16,000.

Kusa da ni wata dattijuwa ce ke zaune, za ta je ganin jikokinta. Ta ga na ƙura wa allon ido na tsawon lokaci, sai ta taɓo ni ta ce, "Ɗana, tun ɗazu kake kallon abin nan. Ni tambayata ɗaya ce. An ce duniya tana juyawa ta nufi gabas. To mu da muka nufi gabas, ba guje mana New York take yi ba? Me zai hana mu juya yamma ta zo ta tarye mu?"

Na ce, "Mama, tambayarki mai kyau ce, kuma mutane da yawa suna yin ta. Duniya na juyawa da gudun kusan kilomita 1,670 a awa a daidai inda muka taso, amma ba ita kaɗai take juyawa ba. Iskar da ke lulluɓe da ita tare suke tafiya, mu kuma a cikin iskar muke. Da ba haka ba, da wanda ya yi tsalle a tsakar gida sai ya faɗo a wata unguwa." Ta yi dariya ta ce to ai shi ke nan, juyawar duniya ba ruwanta da tafiyarmu. Na ce mata a'a, da ruwanta, sai dai ta bayan gida take shigowa.

Ga yadda abin yake. Iskar tsakiyar duniya mai zafi ce, ta ƙuryar arewa mai tsananin sanyi, kuma inda suka haɗu a can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, sai iska ta riƙa kwarara daga ɓangaren zafi zuwa na sanyi. Juyawar duniya ce ke karkatar da wannan kwarara ta mayar da ita gabas. Abin da ke fitowa shi ne wani siririn kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, daidai tsayin da jiragen fasinja ke tafiya. Gudunsa yakan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, da hunturu kuma, lokacin da ratar zafi da sanyi ta fi faɗi, yakan wuce 300 a saman Japan. Jirgi a cikinsa kamar kwale-kwale ne a kogi: mai bin ruwa da mai saɓa masa ƙarfin tuƙinsu ɗaya, amma mai kallo daga gaɓa zai ga ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe.

Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, shi ne ya fara auna wannan iska da kyau a shekarun 1920, ta hanyar sakin balan-balan yana bin su da na'urar hangen nesa. Ya wallafa sakamakonsa da Esperanto, wani ƙirƙirarren harshe da masu jinsa ba su da yawa, shi ya sa 'yan kaɗan ne a waje suka kula. Sai a 1944, da matuƙan jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 suka isa saman Japan suka tarar da iskar da ke kusan tsayar da su cak idan sun fuskance ta, sannan aka yarda da girman lamarin. Ina tuna wannan mutum a daidai lokacin da muke ratsa sararin ƙasarsa, kuma ina ganin an yi masa ƙwauron yabo.

A nan ne na ga abin da idona. Tun daga Tekun Kudancin Sin allon ke nuna gudunmu a wajen kilomita 900 a awa. Da muka doshi kudancin Japan sai jirgin ya fara 'yar gargada, fitilar ɗaure bel ta kunnu, ruwan da ke kofin dattijuwar ya riƙa rawa yana taɓa baki ba tare da ya zube ba. Lambar da ke allon ta fara hawa: 960, 1,020, 1,080, har ta haura 1,100 ta zauna. Ƙarar injin ba ta canza ba ko kaɗan. Jirgin bai ƙara wa kansa komai ba, a cikin iskar da ke kewaye da shi har yanzu 900 ɗin yake yi, iskar ce ta ɗauke shi gaba ɗaya tana tafiya da shi. Gargadar ma ta lafa da muka shige tsakiyarta, domin a gefe-gefe ne, inda iska mai sauri ke gogar mai nawa, aka fi jin jijjiga.

Lissafin da ya sa aka kawo mu ta nan mai sauƙi ne. Idan iska ta ba jirgi ƙarin kilomita 150 a kowace awa, ta yi haka awa goma, ta ba shi kilomita 1,500 kyauta, ba da ɗigon mai ba. Wannan ya biya ƙarin nisan da aka ɗauka har da rara. Akwai kuma wasu dalilan da ba su shafi iska ba. Jirgi mai inji biyu dole ne a kowane lokaci ya kasance yana da filin da zai iya kaiwa da inji ɗaya idan ɗayan ya mutu, kuma hanyar Pasifik tana da filayen Japan da na Anchorage a Alaska da na Kanada a jere. Sannan ga siyasa. Hanyar zarena ta ratsa Saberiya da ke Rasha ne, kuma tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kamfanoni da yawa ba sa shiga sararin Rasha, wasu an hana su, wasu sun ƙaurace da kansu. Tafiyar Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokyo da ake yi a wajen awa 9 ta koma wajen awa 13, alhali biranen ba su matsa ko taku ɗaya ba. Wannan yana ba ni takaici, domin fasinjan da ke ƙara awa huɗu a kujera da man da ake ƙonawa a banza ba su da hannu a rigimar.

Duk wannan ana yanke shi ne tun kafin fasinja ya iso filin jirgi. Akwai ma'aikata a ofis da ke zama da hasashen iska na ranar, da nauyin jirgi, da jerin sararin da aka rufe, kwamfuta ta gwada musu hanyoyi barkatai, su fitar da guda su miƙa wa kyaftin ya duba ya sa hannu. Ba a ganinsu, ba a tafa musu idan an sauka, amma awannin da na yi a sama su suka ƙayyade su.

Rana ta faɗi mana tun ba mu cika awa biyar da tashi ba, domin muna gudu ne muna tarar dare. A cikin duhun nan jirgin ya riƙa hawa mataki-mataki. Da farko nauyi bai bar shi ya wuce ƙafa dubu talatin da 'yan kai ba, amma duk sa'ad da ya ƙone wasu tan na mai sai ya ɗan ƙara sama, inda iska ta fi sirantaka kuma tafiya ta fi sauƙin mai, har muka kai wajen ƙafa 41,000. A waje sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili. A ciki kuwa abin da ya fi damuna bushewa ce: leɓe ya tsattsage, ido ya yi yaji, ƙafa ta kumbura har takalmi ya matse. Na riƙa tashi ina zagaya layin kujeru, ina shan ruwa ko ban ji ƙishi ba. Dattijuwar ma na roƙe ta ta riƙa miƙewa, domin dogon zama wuri ɗaya yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma haɗarin ya fi yawa ga manya. Ta ce, "To ɗana, ka riƙa tashe ni." Haka muka yi.

A tsakiyar daren muka tsallake layin sauya kwanan wata, wanda ke bin digiri 180 yana karkacewa domin kada ya raba ƙasa ɗaya gida biyu. Ranar Litinin muka tashi. Bisa agogon wuraren da muke ratsawa, mun riga mun shiga Talata da 'yan awanni, sai ga shi da tsallake layin mun koma awannin farko na ranar Litinin. Can arewa da mu, a mashigin Bering, akwai tsibirai biyu da ake kira Diomede, ɗaya na Rasha ɗaya na Amurka, tazararsu ba ta kai kilomita 4 ba, amma layin ya bi ta tsakaninsu, mai tsaye a ɗaya yana hango gobe a ɗayan.

Gari ya waye mana a saman arewa maso yammacin Kanada. Na ɗaga marufin taga kaɗan don kada in tashi masu barci, na ga ƙasa fara fat har iyakar gani, koguna sun daskare sun yi zane-zane, babu hanya, babu hayaƙi, babu alamar mutum. Wannan yini bai kai awa biyar ba. Kafin mu fara gangarowa rana ta sake yin ja, muka sauka a New York bayan magariba, ranar Litinin ɗin dai da muka tashi. Faɗuwar rana biyu muka gani a kwanan wata ɗaya. Agogon bango ya ce awa huɗu da wani abu ne kawai tsakanin tashinmu da saukarmu, saboda da hunturu Singafo na gaban New York da awa 13. Jikina kuwa ya san gaskiya, a wurinsa asuba ce ta Talata, kuma ya ɗauki kwanaki yana tashina da tsakar dare.

Dawowa ce ta cika mini hoton. Na zaci za mu juya ta inda muka fito, amma komawa ta Pasifik na nufin karo da iskar da ta turo mu. Sai jirgin ya tashi daga New York da dare ya sake fuskantar gabas. Muka haye Atilantika da iska a bayanmu, muka ratsa Turai, muka bi ta Turkiyya, muka gangara ta Indiya da Tekun Bengal, muka sauka Changi da asubar jibi bisa kalanda, bayan sama da awa 18. Tafiya da dawowa duk gabas muka yi ta yi, wato da tikiti ɗaya na zagaye duniya ba tare da na yi niyya ba. Wannan yana yiwuwa ne saboda biranen biyu sun kusa ba wa juna baya a jikin ƙwallon, ta Pasifik ko ta Atilantika aka bi nisan bai bambanta da yawa ba, sai iska ta raba gardama.

A saman Atilantika ne wannan iska ta fi suna. Tsakanin New York da Landan kimanin kilomita 5,550 ne, zuwa gabas yakan ɗauki wajen awa 7, dawowa yamma wajen awa 8. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya yi wannan tafiya cikin awa 4 da minti 56, gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa. Masu tafiya yamma a wannan dare kuwa sai da aka kauce da su daga hanyar iskar. Shi ya sa idan wani ya tambaye ni awa nawa ne tsakanin birni kaza da birni kaza, nakan fara tambayarsa ta wace fuska zai tafi, kuma a wane wata. Mai haɗa jirgi biyu a tafiya ɗaya ya kamata ya sa wannan a lissafi, musamman idan yamma ya nufa da hunturu, kada ya bar wa kansa ƙuntataccen lokaci tsakanin sauka da tashi.

Ita kanta wannan hanya ta Singafo ba yau aka fara ta ba. An buɗe ta zuwa filin Newark da ke kusa da New York a 2004 da jirgin A340-500 mai inji huɗu, aka dakatar a 2013 saboda shan mansa ya sa cinikin ba ya biya, aka dawo da ita a 2018 da sabon jirgi mai inji biyu, sannan aka ƙara ta filin Kennedy a 2020. Zagayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, don haka babu birane biyu da za su yi wa juna nisan da ya wuce 20,000. An riga an cinye kashi uku cikin huɗu na wannan iyaka a tashi ɗaya. Kamfanin Qantas na Ostireliya yana shirin haɗa Sydney da Landan, kimanin kilomita 17,000, ba tare da yada zango ba. A 1947 wannan tafiya kwana huɗu take ɗauka, ana sauka ana tashi a hanya. A gwajin da suka yi a watan Nuwamban 2019, daga Landan zuwa Sydney da mutane kaɗan a cikin jirgi, sun yi awa 19 da minti 19, kuma ita ce fuskar da iska ke taimako. Ta Sydney zuwa Landan, wadda ke saɓa wa iska, za ta haura awa 20.